Yini guda a bakin tekun Tema: yadda ake kallon tsuntsaye 'yan cin rani da hunturu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Ranar da ta sauka a kan tsamiyar bakin gari, manomi zai fara neman inda ya ajiye iri. To akwai wasu baƙin da ba a yi musu irin wannan maraba, don yawancinmu ba mu san da zuwansu ba. Su lokacin da shamuwa ke shirin komawa kudu suke isowa. Daga can ƙuryar arewacin duniya suke tasowa, Girinlan da Aislan da Saiberiya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa abinci ya ɓace, su bi gaɓar Turai da Maroko da Muritaniya har su sauka a bakin tekunmu. Cin rani ne sosai, irin wanda mutanenmu suka gada: a bar gida idan ya bushe, a nemi abin kai wa baki a wani wuri, a koma idan lokaci ya yi.

A nan Gana, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke kaiwa har gaɓar teku, za ka same su birjik a tafkunan gishiri. Biyar daga cikin tafkunan, wato Keta da Songor da Sakumo da bakin kogin Densu da Muni-Pomadze, an sa su tun 1992 cikin wuraren da yarjejeniyar kare dausayi ta duniya, wato ta Ramsar ta 1971, ke karewa, yarjejeniyar da dausayin Nguru ma ke ƙarƙashinta. Zan ɗauki Sakumo, wanda ke jikin Tema ta yamma, don shi ne mafi sauƙin kaiwa ga mutumin Ashaiman ko Nima ko Madina. Abin da zan faɗa kuma zai yi maka aiki a sauran wuraren.

Tun daren jiya: teku za ka fara tambaya

Kafin ka tsayar da ranar fita, duba jadawalin cikowa da janyewar teku na Tema a intanet. Teku tana cikowa sau biyu tana janyewa sau biyu a yini da kwana, tsakanin cika da cika sa'a 12 da kusan minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa gaba da wajen minti 50. Tsuntsayen da muke nema ba ruwansu da agogonka, wannan agogon suke bi. Idan teku ta janye sai su watsu a rairayi da duwatsu suna kiwo, nesa da juna, nesa da kai. Idan ta ciko ta rufe wurin kiwon, sai su tattaru a gefen tafki ko kan wani tudun rairayi su huta. Wannan taruwa ita ce ribar mai kallo. Saboda haka nemi ranar da cikowar za ta faɗo da safe ko da la'asar sakaliya, ka kasance a wurin sa'a biyu kafin ta kai ƙarshe.

Mu da muke lissafin wata muna da sauƙi a nan. Cikowa ta fi ƙarfi a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, da 'yan kwanakin da ke biye. A tsakaninsu teku ba ta cika yunƙuri ba. In ka san kwanan wata, ka san rabin jadawalin.

In da hali, guji Asabar da Lahadi, bakin teku cike yake da masu shaƙatawa da kiɗa. Talata ta fi, don a yawancin gaɓar Gana masunta ba sa shiga teku ran Talata, al'ada ce tun ta kaka da kakanni, sai ka tarar da wuri shiru.

Kayan da za ka haɗa ba su da yawa. Madubin hangen nesa na hannu, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kada ka ruɗu da mai ƙaton lamba, hannu zai riƙa rawa da shi, ka tashi da ciwon kai. Sai ƙaramin littafin rubutu da fensir, don biro ba ya shiri da danshin teku. Hula mai baki, ruwan sha lita biyu aƙalla, man leɓe saboda hunturu, takalmi rufaffe wanda ba ka jin ƙyashin ya ɓaci da taɓo. Tufafi kuwa, ajiye farar jallabiya a gida. Fari yana ƙyalli daga nesa, iska kuma tana kaɗa babbar riga, tsuntsu ya gan ka tun kana hanya. Sa mai ruwan ƙasa ko toka-toka. A waya sauke Merlin, manhajar gane tsuntsaye, ka sauke kundin tsuntsayen yankin a cikinta tun kana gida. Sannan ɗauki 'yar na'urar tasbihin nan ta yatsa, zan gaya maka amfaninta nan gaba.

Kada ka tafi kai kaɗai. Hanyar bakin teku tana da wuraren da ba kowa, kuma ido huɗu ya fi biyu gani.

Da asuba

Rana tana fitowa a Tema wajen 6:15 a watan Janairu. Yi sallar asuba, sha kokonka da ƙosai, ka kama hanya yadda za ka isa da ɗan sauran duhu. Tafkin yana arewa da titin bakin teku da ya taso daga Nungua zuwa Tema, teku tana kudu. Wannan ya yi maka daɗi: idan ka fuskanci tafki da safe, rana tana bayanka ta hannun dama, haske na faɗa wa tsuntsun maimakon idonka. Duk inda ka je ka riƙe wannan, rana a baya. Tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙin inuwa ne kawai, ko gwani bai iya faɗin sunansa.

Idan ka tarar da masunta ko masu lambu a gefen ruwa, yi musu sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka. Wurin cin abincinsu ne, kuma ga mutanen Ga na Tema tafkin yana da alfarma ta gargajiya. Su ne ma za su nuna maka inda ƙasa take da ƙarfi da inda taɓo ke haɗiye ƙafa har gwiwa.

Da ka sami wuri, zauna. Wannan shi ne matakin da sababbi suka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya. Minti goma sha biyar na farko kada ka ɗaga madubi ma. Bari idonka ya saba, bari tsuntsayen da zuwanka ya tsorata su manta da kai. Taɓon da ka ɗauka babu komai a kansa, za ka ga ya fara motsi. In kana tsaye a kan tudu, sararin sama na bayanka, kowa na ganinka. Sauko ka jingina da wani abu, ciyawa ko dutse.

Yadda ake ɗaga madubi ma sai an koya. Kafe idonka a kan tsuntsun, sannan ka kawo madubin ga ido ba tare da ka sunkuyar da kai ba. In ka duba madubin tukuna, ka ɓatar da shi. Gwada wannan a gida da hankaka a kan falwaya kafin ranar.

Fara da waɗanda ka sani

Za ka ga balbela, za ka ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, wataƙila da garken kirinjijiya suna fito a sama. Su ne ma'auninka: duk baƙon tsuntsu, tambayi kanka, ya kai balbela ko bai kai kurciya ba? Akwai wani dangin balbela mai launin toka mai duhu, da farin maƙogwaro da rawayan yatsu, ɗan bakin teku ne, yana nan shekara duka. In Allah ya ba ka sa'a za ka ga wani baƙi ƙirin da ke buɗe fukafukansa ya yi rumfa da su a kan ruwa kamar laima, ya cusa kai ciki. Ƙananan kifi na gudowa inuwa, shi kuma yana tsince su. Na daɗe ina ganinsa, har yau in ya yi rumfar nan sai na bar duk abin da nake kallo. Sai mai kamun kifin nan baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana karkaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa da ka. Da wani siriri mai jajayen ƙafafu dogaye kamar ya hau sanda, baƙin baya, farin ciki.

Yanzu sai baƙin namu. A nan ake samun wahala, don da hunturu duk sun tuɓe kayan adonsu na aure, kowa ya sa toka-toka da fari. Kada ka fara da launi. Bi abu huɗu a jere: girma, baki, ƙafa, ɗabi'a. Zan haɗa maka da sunayensu na kimiyya, don su ne ba sa canzawa a kowane littafi ko manhaja.

Mafi sauƙi shi ne wanda nake kira mai-lauje, Numenius phaeopus. Ya kusa budurwar kaza girma, ruwan ƙasa, bakinsa dogo ya lanƙwasa ƙasa, da zane biyu masu duhu a ka. Kaguwa yake ci. In ya tashi yana sakin fito a jere da sauri, wajen sau bakwai. Irinsa da ke ƙyanƙyasa a Aislan an bi sawunsu da na'ura, an ga suna ƙetare teku zuwa Afirka ta Yamma kwana huɗu ko biyar ba sauka, ba ci ba sha.

Sai Actitis hypoleucos, ƙarami, wanda ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa ko yana tsaye, farin cikinsa ya hauro kafaɗa kamar tsinin wuƙa. Wannan kam ka taɓa ganinsa a bakin gulbi ko dam a arewa, ba ka dai tambayi daga ina yake ba. Tringa nebularia ya fi shi tsawo, ƙafafu kore-kore, baki ya ɗan ɗaga sama, kukansa uku a jere, tiyu-tiyu-tiyu, kuma shi ne ɗan tsegumin tafki, da ya gan ka zai sanar da kowa. Pluvialis squatarola mai ƙaton kai ne da gajeren baki, ya yi gudu, ya tsaya, ya sari abu, ya sake gudu. In ya tashi duba hammatarsa, baƙa ce, ba wani a wurin mai irinta. Charadrius hiaticula ɗan ƙarami ne mai baƙin sarƙa a wuya da ƙafafu ruwan lemo.

Ƙananan da ke tafiya garke-garke, kai a sunkuye suna ɗinkin taɓo da baki, yawanci iri biyu ne. Calidris ferruginea bakinsa ya ɗan lanƙwasa, daga Saiberiya yake. Calidris minuta kuwa bai fi gwara ba, nauyinsa wajen giram 25, batirin tocila ƙarami kenan. Ka tsaya ka dube shi da kyau. Abin da bai cika tafin hannu ba ya taso daga inda rana ba ta faɗuwa da bazara, ya zo yana tsintar tsutsa a gefen Tema.

A fitarka ta farko, in ka tabbatar da biyar daga cikinsu, ka yi aiki. Wanda ka kasa ganewa, rubuta abin da ka gani kafin ka buɗe waya: baki ya fi kai tsawo ko bai kai ba, launin ƙafa, akwai farin zane a fiffike in ya tashi ko babu. Da ka fara duba hoto, ido zai ga abin da zuciya ke so. Ka kuma tuna taɓo yana ɓata launin ƙafa, hazo yana ƙara wa tsuntsu girma.

Haƙƙin baƙo

Ga abin da na fi so ka tafi da shi. Kada ka tayar da su. Ba don hoto ba, ba don ka ga hammata ba, ba don komai ba. Tsuntsun nan guzuri yake tarawa. Kafin ya kama hanyar gida a watan Maris ko Afrilu sai ya tara kitse mai yawa a jiki, don kitsen ne man tafiyarsa, kuma duk tashin da ya yi a firgice daga guzurin ake cirewa. Kai kana ganin sau ɗaya ne, amma kafin kai kare ya kore su, bayanka mai babur zai zo. Lokacin cikowar teku ya fi muni, don ba su da wani wurin da za su koma, sai su yi ta kewaya a sama.

Suna yi maka gargaɗi kafin su tashi. Za su daina kiwo, su ɗaga kai, su miƙe wuya, wasu su fara takawa suna nisantarka. Da ka ga haka ka wuce iyaka. Tsaya, sunkuya, ja da baya a hankali. In dole ka matsa, kada ka nufe su kai tsaye, bi ta gefe kamar mai wucewa. Wanda ya zauna shiru teku na cikowa, ruwan da kansa zai turo masa su har gabansa, kusa fiye da yadda zai taɓa kaiwa da ƙafa. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, kuma ban ga dalilin cire mai fiffike daga ciki ba.

Da rana ta take

Wajen 10:30 zafi zai fara sa iska rawa a kan taɓo, kallo ya lalace. Nemi inuwa, ci waken da shinkafarka, gyara rubutunka tun abin yana sabo a kai, yi azahar. Ba a rasa komai a wannan lokaci.

Bayan nan ƙetara titi da hankali zuwa ɓangaren teku. Ruwan gaɓar nan yana da ja, kada ka shiga, kada kuma ka juya wa igiya baya in kana kan duwatsu. A kan duwatsun nemi Arenaria interpres, gajere mai ƙafa ruwan lemo, yana sa baki yana birkice tsakuwa da ciyawar teku. A kan rairayi kuwa akwai Calidris alba, fari fat daga nesa, yana bin igiya da gudu in ta koma, yana gudu in ta dawo, ƙafafun ba a ganinsu don sauri.

Wannan ka duba ƙafafunsa da kyau. Masu bincike sun sanya wa da yawa zobba masu launi, wasu a Girinlan, wasu a Aislan da Holan, wasu a nan Gana wajen Esiama a yamma. Kowane tsuntsu da nasa jerin launi, kamar lambar mota. In ka ga mai zobe, rubuta ƙafar hagu daban, ta dama daban, daga sama zuwa ƙasa, ka nuna wanne ke saman gwiwa wanne ke ƙasa, da ko akwai mai ɗan tuta. Hagunsa ake nufi, ba naka ba. Sa kwanan wata da wuri. Shafin intanet na cr-birding yana nuna wanda za a aika wa, kuma sau da yawa sukan maido maka da tarihin tsuntsun, inda aka sa masa zobe da duk inda aka gan shi.

Sama da igiya za ka ga farare masu dogon fiffike da wutsiya mai reshe biyu, suna faɗawa ruwa da baki. Ni tsattsewar teku nake ce musu. Sun fi yawa daga Satumba zuwa Nuwamba, amma ba a rasa su da hunturu. Babbar mai baki ruwan lemo ta gaɓar Afirka ce. Mai baƙin baki da ɗigon rawaya a tsini daga Turai take. Akwai wata a cikinsu, Sterna dougallii, wadda mafi yawan na Turai a wani ɗan tsibiri na Ayalan mai suna Rockabill suke ƙyanƙyasa, su zo gaɓar Gana. A da yara kan ɗana musu tarko da ɗan kifi a rairayi, yawansu ya yi ta raguwa. Wannan ne ya sa a 1985 aka fara shirin ceton tsuntsayen bakin teku a Gana, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, aka shiga makarantu aka kafa ƙungiyoyin yara masu kula da namun daji. In ka ga yaro da tarko yau, kada ka yi masa tsawa. Miƙa masa madubin ya duba, ka gaya masa daga ina tsuntsun ya zo.

La'asar: ƙidaya

Koma tafki bayan la'asar, wannan karon ka zauna ta yamma don rana ta koma can. Yanzu za ka yi ƙidaya, kuma ga inda na'urar tasbihi ta shigo. Garke in ya yi yawa ba a bin sa ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma a gefe guda, ka riƙe girman gungun a ido, sai ka bi garken kana aza wannan gungu a kansa, kowane goma ka danna sau ɗaya, idonka bai bar madubi ba. In sun kai dubbai, yi gungun hamsin ko ɗari. Ƙirga sau biyu, abokinka ma ya ƙirga nasa ba tare da ya ji naka ba, sannan ku gwada. Yawanci sabon hannu yakan rage, ba ya ƙarawa. Kowane iri a ƙirga shi daban; waɗanda suka yi nisa rubuta "ƙanana, ba a tantance ba" da adadinsu, ya fi ka laƙa musu sunan da ba ka tabbatar ba.

Wannan ƙidaya ba wasa ba ce. Tun 1967 ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowane watan Janairu, kuma yawancin masu yinta 'yan sa-kai ne irinka. Da irin lambobin nan aka san cewa Banc d'Arguin, wani yanki na gaɓar tekun Muritaniya, yana saukar da wajen miliyan biyu na waɗannan baƙi. Sakumo kuwa yana buƙatar shaidu. Gine-gine sun ci gefensa, ruwan datti na kwararowa daga unguwanni, ciyawa na rufe filin taɓon da ake kiwo. Duk wanda ya san wurin da daɗewa yana ganin haka da idonsa, abin yana ci mini rai, amma a gaban hukuma lamba da kwanan wata ake saurara.

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira a nan. Tattara ledar ruwanka da duk abin da ka zo da shi, ka fita titi da sauran haske. A gida shigar da lissafinka a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke tara bayanansu, a daren, da lokacin farawa da na gamawa da yawan mutanen da kuka fita. Goge jikin madubin da ɗanyen tsumma saboda gishiri, gilashin kuma hure ƙurar hunturu tukuna kafin ka shafa, in ba haka ba yashi zai karce shi. Sannan buɗe jadawalin teku ka sa alama a wata rana cikin ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. A lokacin Calidris ferruginea ya fara yin ja kamar bulo a ƙirji, mai baƙar hammata ya fara baƙi tun daga fuska har ciki, kowa ya yi ƙiba yana shirin hanya.